Marubutan Soyayyar Amish: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Suke Aiki

Wannan shafi amsa ne ga tambayoyin da aka fi yi game da masu rubuta labaran soyayya a kan al'ummar Amish ta Amurka: yadda suke bincike, yadda suke raba lokacinsu, inda kuɗinsu ke fitowa, da wuraren da aikin ya fi lalacewa. Da yake mata sun fi yawa nesa ba kusa ba a wannan sana'a, "marubuciya" za mu riƙa cewa.

Su wane ne Amish har aka ware musu ɓangare guda a kasuwar littafi?

Kiristoci ne masu aƙidar cewa sai mutum ya mallaki hankalinsa ake yi masa baftisma. Sun ɓalle daga 'yan uwansu Mennonite a 1693 ƙarƙashin Jakob Ammann, a yankin Suwizalan da Alsace, suka fara ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18. Yau yawansu ya haura 350,000 a Amurka da Kanada, kuma yakan ninka kusan duk shekara 20. Manyan matsugunansu uku ne: Lancaster a Pennsylvania, Holmes a Ohio, da Elkhart-LaGrange a Indiana. Ba sa jan wuta daga layin kamfanin lantarki, ba sa mallakar mota, keken doki suke hawa. Yaransu aji takwas suke yi su tsaya, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da hakan a 1972.

Shi kuwa wannan reshe na adabi, akasari daga 1997 ake ƙirga tasowarsa, shekarar da kamfanin Bethany House ya buga The Shunning na Beverly Lewis. Masu saye galibi mata ne Kiristoci masu riƙo da addini waɗanda ba Amish ba, masu son littafin da za su ajiye a falo 'yarsu ta ɗauka ba su ji kunya ba. Duk wanda ya san kasuwar littattafan soyayya ta Kano ya san irin wannan mai karatu.

Marubutan su ma Amish ne?

Mafi yawansu ba Amish ba ne. Wasu maƙwabtansu ne, wasu jikokin Mennonite, wasu kuma ziyara ce kawai ta haɗa su. Akwai ƙalilan daga cikin al'ummar da ke rubutu, da biro a littafin rubutu, wani daga waje ya buga musu a kwamfuta. Abin da ya sa ba su da yawa a fili yake: al'ummar na ƙyamar duk abin da zai ɗaga mutum ɗaya sama da jama'a, abin da suke kira Hochmut, wato girman kai, kuma suna ɓaro-ɓaro a bangon littafi yana kama da hakan.

Wannan shi ne tushen duk wahalar sana'ar. Baƙuwa ce ke ba da labarin mutanen da suna nan da ransu, waɗanda ba za su fito a intanet su ce ta yi musu ƙarya ba, kuma ba sa kai ƙara kotu. Nauyin gaskiya duka a wuyanta yake.

Daga ina ake fara littafi?

Daga zaɓen wuri, kafin ma a zaɓi sunan jaruma. Babu wani abu wai shi "dokar Amish" guda ɗaya. Kowace gundumar coci, wadda ke da iyalai kamar 25 zuwa 35, tana da nata Ordnung, ƙa'idojin rayuwa da galibi ba a rubuce suke ba, kuma ana sake tabbatar da su sau biyu a shekara kafin cin jibin Ubangiji. Abin da aka halatta a wannan gunduma yana iya zama laifi a ta gaba da ita.

Ga yadda bambancin yake a aikace. Keken dokin Lancaster ruwan toka ne, na Ohio da Indiana baƙi. A kwarin Big Valley na Pennsylvania za ka ga mai farin rufi, mai rawaya da mai baƙi a hanya ɗaya, kowanne na ƙungiya dabam. A Lancaster ba a hawan keke mai feda, sai wani mai ƙafa biyu da ake turawa da ƙafa ɗaya, alhali a Holmes da arewacin Indiana keke abin hawa ne na kullum. 'Yar hular addu'ar da mata ke sawa, kapp, a Lancaster bayanta siffar zuciya gare shi, a Ohio kuwa ta fi tauri da ninki-ninki. Har sunayen dangi suna da gida: Stoltzfus, King, Lapp da Beiler na Lancaster ne, Miller, Yoder da Troyer sun fi yawa a Ohio da Indiana. 'Yan Swartzentruber, masu tsananin riƙo, ko bayan gida na cikin ɗaki ba su da shi. A Elkhart kuma maza da yawa ba manoma ba ne, ma'aikata ne a masana'antun motocin yawon shaƙatawa masu ɗakin kwana.

Marubuciyar da ta san aikinta takan ƙirƙiri ƙauyen da babu shi a taswira, ta ajiye shi cikin yanki na gaske, sannan ta zauna ta rubuta masa Ordnung shafi ɗaya ko biyu: akwai firiji mai amfani da gas ko babu, an yarda da sola don cajin batir, wayar tarho tana cikin 'yar rumfa a bakin hanya ko a shago, ana noma da doki kawai ko ana amfani da tarakta a tsaye don juya inji. Ƙirƙirar ƙauyen tana kare mutanen gaske daga a ce da su ake. Rubuta ƙa'idar kuma tana hana ta saɓa wa kanta a babi na 14.

Yaya ake bincike a kan mutanen da ba sa son hoto kuma ba sa intanet?

Da ƙafa da haƙuri. Ana zuwa inda suke hulɗa da jama'a: kasuwar gwanjo ta Shipshewana a Indiana, gwanjon dabbobi na Mount Hope a Ohio, gwanjon da ake yi a Lancaster a ƙarshen sanyi don tara wa 'yan kwana-kwana na sa-kai kuɗi, shagunan kafintoci, teburan sayar da kayan lambu a ƙofar gida. Ana saye, ana gaisawa, a dawo baɗi a sake. Ba a ɗaga kyamara a fuskar kowa, ba a zuwa gidan mutum ranar Lahadi da tambayoyi. Littafin rubutu ma an fi barinsa a mota, a rubuta abin da aka gani bayan an fito.

Sai karatu. Jaridar The Budget da ake bugawa a Sugarcreek, Ohio, tun 1890, cike take da wasiƙun da wakilan gundumomi ke aikowa: a gidan wa aka yi coci, wa ya haihu, dokin wa ya tsorata ya kifar da keke, an fara yankan ciyawa ko ruwa ya hana. Marubuciya da yawa sun ɗauke ta madubin rayuwar yau da gobe. Akwai kuma mujallun Pathway na Aylmer da ke Ontario, waɗanda Amish ke rubutawa don kansu, da binciken cibiyar Young ta kwalejin Elizabethtown.

Mafi tsada duka ita ce ƙawa ɗaya a cikin al'ummar, ko wadda ta taso a ciki ta fita, da za ta karanta daftari ta ce nan ba haka muke yi ba. Ana aika mata ta gidan waya, a takarda, a jira makonni. Wannan jira dole a sa shi cikin lissafin wa'adi.

Yaya ranar aikinta take, kuma kalmomi nawa take rubutawa?

Tsawon littafin ne ke tsara ranar. Layin Love Inspired na kamfanin Harlequin kalmomi 55,000 yake nema. Manyan littattafai irin na Bethany House, Revell ko Zondervan sukan kai 80,000 zuwa 100,000. Gajerun labarai da ake haɗa uku ko huɗu a bango ɗaya sukan tsaya tsakanin 20,000 da 30,000.

Lissafin mai sauƙi ne. Wadda ke rubuta kalmomi 1,500 a rana, kwana biyar a mako, tana da 7,500 a mako. Ƙaramin littafi zai ci mata mako bakwai da 'yan kwanaki, mai kalmomi 90,000 kuma mako 12. Daftarin farko ke nan kawai. A ƙara mako uku ko huɗu na gyara, a ƙara kwanakin ciwo da biki da rasuwa. Shi ya sa mai kwangilar littafi uku a shekara ba ta da ranar jiran sai ilhama ta sauko.

Tsarin da ya fi yawa shi ne a ba sabon rubutu safiya, awa uku zuwa huɗu, waya a kashe. Bayan azahar sai gyaran da edita ya dawo da shi na littafin baya, amsa wasiƙun masu karatu, Facebook, da wasiƙar labarai da ake tura wa masu biye da ita ta imel. A kowane lokaci littattafai uku ne a hannunta: wanda take rubutawa, wanda ake gyarawa, da wanda ya fito ake tallarsa. Dabarar da ke ceton lokaci ita ce kada a tsaya bincike ana tsakiyar rubutu. In ba ta tuna ko ana ɗaure doki kafin a cire masa linzami ba, sai ta sa alama a wurin ta wuce, ta tara tambayoyin zuwa Juma'a. Da yawa kuma sukan tsaya a tsakiyar fage da gangan, don gobe su san inda za su ɗora.

Baya, wuya da wuyan hannu su ne suka fi shan wahala. Wasu sun koma faɗa da baki manhaja na rubutawa.

In babu rungume-rungume da kwanciya, me ke riƙe labarin soyayyar?

Kunya da shinge. Kamfanonin Kirista ba sa karɓar batsa, ashar ko jima'i a shafi. Sumba ɗaya ko biyu ce iyaka, sau da yawa sai can ƙarshe. To sai kowane ƙaramin abu ya yi nauyi. Ana gama waƙoƙin matasa na daren Lahadi, saurayi ya aika ƙanwarsa ta tambayi yarinya ko zai kai ta gida. Tana hawa keken, ya miƙa mata bargon rufe ƙafa bai kalle ta ba, ya bi doguwar hanya maimakon gajeriya, ita kuma ta lura ba ta ce komai ba. Marubuciyar da ta iya wannan fage ta iya sana'ar.

Shingen kuwa dole ya fito daga dokar al'ummar, ba daga rashin fahimtar da magana ɗaya za ta warware ba. Ba a ɗaura aure sai duka biyun sun yi baftisma, kuma ba a auren wanda ba ɗan cocin ba. Saki babu shi sam. Daga nan jigogin ke fitowa: ita ta yi baftisma shi yana jan ƙafa, mijin da matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyar da malamar makarantar ƙauye, saurayin da ba shi da gona saboda ƙasar noma ta yi tsada, wanda ya fita ya dawo ana masa kallon tsohon mai laifi. Akwai kuma ƙuri'ar shugabanci. Ana saka 'yar takarda cikin ɗaya daga littattafan waƙa, waɗanda aka tsayar kowa ya ɗauki ɗaya, wanda ta faɗo a hannunsa ya zama mai wa'azi har mutuwa, ba albashi, ba damar ƙi. Ba murna ake yi ba, sau da yawa kuka ake yi. Irin wannan abu in ya faɗo kan miji a tsakiyar labari, ya ishi littafi guda.

Jigon baƙo daga waje da ya bar komai ya zama Amish saboda mace yana da farin jini, amma a zahiri da wuya ake samun haka. In za a yi shi, a ba shi shekarunsa: koyon harshe, rabuwa da mota, darussan baftisma.

Waɗanne kurakurai ne masu karatu suka fi kamawa?

Na farko ƙauracewa, Meidung. Ba ta hawa kan wanda bai yi baftisma ba. Yaron da ya bar gida yana ɗan shekara 19 bai taɓa yin alkawari ba, iyayensa za su yi baƙin ciki, amma coci ba ta da hurumin yanke masa hukunci. Wanda aka ƙaurace wa ma ba wai an daina yi masa magana ba ne a yawancin wurare. Ba a cin abinci tebur ɗaya da shi, ba a karɓar abu daga hannunsa, ba a ciniki da shi, ba a shiga motar da yake tuƙawa. Uwa takan jera ƙaramin tebur kusa da babba, ta rufe su da mayafi ɗaya, a bar 'yar tazara tsakani. Kuma ƙofar dawowa a buɗe take ga wanda ya tuba a gaban jama'a.

Na biyu Rumspringa, shekarun da ke farawa daga 16. Ba a tura yara birni su ɗanɗani duniya. Yawancinsu a gidan iyaye suke, abin da ya ƙaru shi ne shiga ƙungiyar matasa, wasan ƙwallon raga, wataƙila waya a ɓoye ko mota a bayan gonar maƙwabci. Fiye da kashi 80 cikin 100 sukan yi baftisma su zauna.

Na uku lokaci da nisa. Keken doki kilomita 8 zuwa 13 yake yi a awa. Jarumar da ta je gari mai nisan kilomita 30 ta dawo kafin abincin rana ta yi abin da ba zai yiwu ba. Tafiya mai nisa direba ake ɗauka haya. Cocin ma ba kowace Lahadi ba ce, mako biyu-biyu ake yi, a gida ko a ɗakin ajiya na gona, awa uku a kan benci marar majingina, maza gefe mata gefe, ana rera waƙoƙin Ausbund, littafin waƙoƙinsu na 1564, a hankali ba kayan kiɗa.

Sai ƙananan: mai aure gemu yake tsayarwa ba gashin baki, saurayi kuma fuska a aske, babu zoben aure, a al'adar Lancaster biki bayan girbi ake yi, musamman Nuwamba, ranar Talata ko Alhamis, a gidan amarya, kuma sai saura 'yan makonni ake sanarwa a coci.

Kuskuren da ya fi zurfi na aƙida ne. Marubuciya takan zuba wa jaruma irin maganar cocinta, ta sa ta tana cewa ta tabbata ta tsira. Amish na gargajiya ba sa magana haka. "Rayayyen bege" suke cewa, suna ganin iƙirarin tabbaci shisshigi ne a hurumin Allah. Addu'ar cin abincinsu ma a shiru ake yi, kai a sunkuye, har uba ya motsa. Littafin da ya sa uban gida ya ɗaga murya yana doguwar addu'a a kan tuwo ya sa wa wasu mutane kayan Amish ne kawai.

Yaya ake yi da harshensu?

A gida Jamusancin Pennsylvania suke yi, a coci tsohon Jamusanci, da baƙi kuma Turanci. Duk wanda ba nasu ba, ko daga ina yake, Englisch suke ce masa. Littafin da Turanci ake rubuta shi, a yayyafa kalmomi kaɗan: Mamm (uwa), Daed (uba), denki (na gode), gut (mai kyau), kinner (yara). Kamar gishiri ne, in ya yi yawa an ɓata miya. Harshen ba shi da tsayayyen rubutu guda, don haka marubuciya takan zaɓi yadda za ta rubuta kowace kalma, ta tara su a takarda ɗaya ta ba edita, ta kuma sa jerin ma'anoni a farkon littafin.

Bayan an gama daftari fa?

Sabuwar marubuciya sai ta kammala littafin kafin a saurare ta. Wadda ta kafu tana iya sayarwa da babi uku da taƙaitaccen labari. Bayan miƙawa akwai gyaran zubi da tsari, inda edita ke iya cewa a rushe tsakiyar littafin, sai gyaran jimloli, sai na ƙa'idar rubutu, sai duba shafukan ƙarshe, inda ba a son a canja komai sai kuskure. Daga miƙawa zuwa kanti akan ɗauki wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi. Littafin Kirsimeti tun shekarar da ta gabata ake rubuta shi.

Bango ba a hannunta yake ba. Takarda take cikawa ta bayyana kamannin taurari da tufafinsu. Wadda ke hoton ba Amish ba ce, 'yar talla ce aka sa wa kaya, kuma nan ake yawan samun matsala: kapp ɗin Lancaster a labarin Ohio, gashi a zube a goshi, gira a gyare, ko alamar jan baki. Dole ta nemi ganin bangon da wuri, don wasiƙar ƙorafi ita za a aiko wa.

Ana samun kuɗi?

Ƙalilan sun yi arziki, da yawa kuma da albashin miji ko wani aiki suke haɗawa. Kamfani kan ba da kafin alƙalami kashi biyu ko uku: ranar sa hannu, ranar karɓar littafi, wani lokaci da ranar fitowa. Ba kyauta ba ce, daga kasonta na ciniki ake cirewa, kuma ba za ta ga ƙari ba sai cinikin ya biya shi. Bayanin ciniki yawanci sau biyu a shekara yake zuwa, kamfani kuma yakan riƙe wani abu saboda littattafan da kantuna za su mayar. Wakilin da ya nemo mata kwangila la'adarsa kashi 15 cikin 100 ce.

Mai buga wa kanta a Amazon tana samun kashi 70 cikin 100 in farashin littafin waya, wato wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta, yana tsakanin dala 2.99 da 9.99, in ya fita daga nan kashi 35. Littafin dala 4.99 zai bar mata kusan dala uku da rabi. Amma edita, bango da talla duk daga aljihunta. In ta shiga Kindle Unlimited, tsarin Amazon da masu karatu ke biyan kuɗin wata su yi ta karanta littattafai, shafin da aka karanta ake biyan ta, kuma sai ta yarda ba za ta sayar da littafin wayar a wani wuri ba na kwana 90. A kowane tsari, tsofaffin littattafai ne ke ciyar da ita, domin wadda ta ji daɗin na biyar takan koma ta sayi na ɗaya zuwa na huɗu.

Su Amish ɗin suna karantawa?

Wasu mata da 'yan mata suna karantawa, wasu shugabanni kuma ba sa so. Ƙorafinsu biyu ne da ke cin karo da juna, kuma duka da gaskiya: ana mayar da bishop, wato shugaban cocin gunduma, azzalumi don labari ya yi zafi, ana kuma mayar da rayuwarsu hoton kalanda, ba zufa ba bashi. A gaskiya akwai haɗarin mota da keken doki, akwai cututtukan gado, akwai cin zarafi a wasu gidaje da akan rufe. Muna ganin bai dace a ɓoye waɗannan ba, bai kuma dace a yi kasuwa da su ba. Abin da ba a taɓa yi shi ne ɗaukar sirrin da ƙawa ta faɗa a kicin a sa a littafi, ko da an canja suna. A gundumar iyali 30 kowa zai gane da wa ake.

Me ya sa kusan duk littattafan jeri ne, kuma yaya ake riƙe su?

Kamfanoni sun fi son kwangilar littafi uku, iyalin Amish kuma mai 'ya'ya shida ko bakwai ya isa ya ba da jarumai. Matsalar ita ce mantuwa. Don haka ake buɗe kundi tun ranar farko: bishiyar dangi da shekarar haihuwar kowa, taswirar ƙauye da nisan kowace gona a mintunan keken doki, wanda ya yi baftisma da wanda bai yi ba, sunayen dawakai, da kalandar da ta nuna wace Lahadi ce ta coci. Da yake sunaye kaɗan ne ke yawo a al'ummar, za a iya samun Samuel uku a dangi ɗaya, sai a bambanta su da laƙabi ko da sunan uba, kamar yadda su ma suke yi. Shafin da aka fi komawa shi ne na masu ciki: matar da aka ce tana da juna biyu a bikin Nuwamba na littafi na ɗaya, in littafi na biyu ya buɗe a watan Satumba, dole a gan ta da jariri a hannu, da sunansa a kundin.